Makarantun Katolika a Faransa: Daga Takaddama Zuwa Yarjejeniya

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna yadda makarantun ɗariƙar Katolika a ƙasar Faransa suka tsira daga adawar masu ra'ayin raba addini da mulki, da kuma abin da suka sadaukar kafin su tsira.

Asalin Takaddamar

Tun wajen 1680 Jean-Baptiste de La Salle ya kafa ƙungiyar malamai a birnin Reims domin koyar da 'ya'yan talakawa kyauta. Dokar Falloux ta 1850 ta ƙara wa coci ƙarfi a sha'anin ilmi. Su kuwa 'yan jamhuriya suna zargin limaman coci da goyon bayan sarauta, suna kuma ganin cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882 suka mayar da firamaren gwamnati kyauta, suka wajabta karatu a kan yara daga shekara 6 zuwa 13, suka kuma cire darasin addini daga manhaja. A 1904 gwamnatin Emile Combes ta haramta wa ƙungiyoyin addini koyarwa, aka rufe dubban makarantu. Wasu malaman suka yi ƙaura, wasu kuwa suka tuɓe rigar ƙungiya suka ci gaba da koyarwa.

Gyara da Sulhu

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, rashin kuɗi ya addabi makarantun. Dokar Debré ta 1959 ce ta kawo mafita: gwamnati za ta biya albashin malamai, makaranta kuma ta bi manhajar ƙasa, ta yarda da sufetocin gwamnati, ta karɓi kowane yaro ba tare da duban addininsa ba. An dai bar mata halinta na addini. Da minista Alain Savary ya nemi kusanto da su cikin tsarin gwamnati, dubban ɗaruruwan mutane suka yi zanga-zanga a Paris ranar 24 ga Yuni, 1984. Shugaba Mitterrand ya janye ƙudurin, Savary ya yi murabus.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa makarantun sun wanzu ne domin sun amince da gyara. Coci ya saki ikon tsara manhaja da zaɓen ɗalibai bisa addini, gwamnati kuma ta haƙura da burinta na mallakar ilmi ita kaɗai.