Tun Ran Gini Ran Zane: Ɗaure Manhaja a Kwantena Don Kai Ta Inda Babu Intanet

A watan Satumba na shekarar 2021, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Batsari da Safana. Aka shafe makonni ba kiran waya, balle intanet. Wannan ya bar wa malaman kimiyya tambaya: idan makaranta tana da na'ura mai ƙwaƙwalwa amma babu hanyar sauko da manhaja, ta yaya za a kai mata manhajar cikakkiya, ta kama aiki ba tare da neman ƙarin komai daga waje ba? Ɗaya daga cikin amsoshin ita ce fasahar kwantena.

Mene Ne Kwantena?

Sunan aro ne daga sufurin teku. A shekarar 1956 wani Ba'amurke, Malcom McLean, ya loda akwatunan ƙarfe 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston. Hikimar ita ce a rufe kaya a akwati mai ma'auni ɗaya, wanda jirgi da tirela za su ɗauka ba tare da an kwance shi ba. Haka Docker, wadda ta fito a 2013, take yi wa manhaja: takan haɗa ta da duk abin da take dogara da shi a ƙunshi guda. Wannan ƙunshi shi ne samfuri. Idan aka kunna shi yana aiki, sai a kira shi kwantena. A 2015 aka kafa ƙungiyar OCI domin daidaita ma'aunin samfuran.

Zaɓuɓɓukan Gini

Alal misali, a ce malami daga Safana ya je birnin Katsina, inda intanet take da ƙarfi, domin ya gina samfurin manhajar karatu. Zai rubuta matakan ginin a fayil mai suna Dockerfile, sannan ya ba da umarni kamar haka:

docker build -t makaranta:1.0 .

Zaɓin -t shi ne ke raɗa wa samfuri suna da lamba, don kada a rikita sabo da tsoho. Ɗigon ƙarshe kuwa yana nuna jakar da za a kwashi kayan gini daga cikinta. Idan fayil ɗin matakai yana da wani suna dabam, sai a nuna shi da -f. Shi kuma --no-cache yakan tilasta a sake ginin daga tushe, maimakon amfani da matakan da aka adana a baya.

Zaɓin da ya fi kowanne tsada idan aka manta da shi shi ne --platform. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwar na'urori ba harshe ɗaya take ji ba. Yawancin kwamfutocin tebur irin amd64 ne, alhali ƙananan na'urori masu ƙarancin cin wuta, irin su Raspberry Pi na baya-bayan nan, waɗanda suka dace da wutar sola, irin arm64 ne. Wanda ya yi gini a kan ta farko ya kai wa ta biyu, samfurin zai ƙi tashi. Maganin shi ne ya ƙara --platform linux/arm64 tun ranar gini.

Akwai kuma gargaɗi game da --build-arg, wanda ake shigar da bayani da shi a lokacin gini. Bai kamata a sa kalmar sirri a nan ba, domin duk wanda samfurin ya shiga hannunsa yana iya ganinta da umarnin docker history. An tanadi --secret musamman don wannan buƙata.

Fitar da Samfuri

Bayan gini sai ɗauka. Akwai umarni biyu masu kama da juna, amma aikinsu ya sha bamban. Na farko:

docker save -o makaranta.tar makaranta:1.0

Wannan yana zuba samfurin dungurungum a fayil guda, da sunansa, da hawa-hawansa, da bayanin yadda za a kunna shi. A can makaranta sai a shigar da shi da docker load -i makaranta.tar. Na biyu, wato docker export, fayilolin da ke cikin kwantena kawai yake kwashewa. Yakan bar tarihin gini da umarnin kunnawa a baya. Saboda haka, mai son manhaja ta tashi da isarta, save ya kamata ya riƙe.

Kafin a Kama Hanya

Abubuwa uku ne ya kamata a tabbatar. Na ɗaya, filashin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabayit 4, don haka a matse fayil ɗin da gzip ko a yi amfani da exFAT. Na biyu, a ciro lambar shaidar fayil da sha256sum kafin tafiya, a sake cirowa bayan isa. Idan lambobin suka saɓa, fayil ɗin ya lalace a hanya. Na uku, dole na'urar makarantar ta kasance tana da Docker ko makamanciyarta irin Podman, in ba haka ba an kai kaya ne babu mai saukewa.

A gari mai wadatar intanet, kuskuren zaɓi ɗaya gyaran minti biyar ne. A Batsari ko Safana kuwa, yana iya zama kuɗin mota da ranar karatu guda da ɗalibai suka rasa. Don haka gwajin ƙarshe shi ne: a kashe intanet, a loda fayil ɗin a na'ura irin ta makarantar, a ga ya tashi, sannan a ɗaura tafiya.