You (wakilin suna a Turanci)

You wakilin suna ne na mutum na biyu a harshen Turanci, wato kalmar da mai magana yake amfani da ita wajen nuni ga wanda yake yi wa magana. Ita kaɗai take yin aikin da kalmomi uku suke yi a Hausa: kai, ke da ku. Ba ta bambanta namiji da mace, ko tilo da jam'i.

Amfani

Siffar kalmar ba ta canzawa, ko ta zo a matsayin aikau ko karɓau. Aikatau na jam'i take ɗauka ko da mutum ɗaya ake nufi, shi ya sa ake cewa "you are". Siffofinta na mallaka su ne your da yours. A yourself da yourselves ne kawai bambancin tilo da jam'i yake fitowa fili. Ana kuma amfani da ita a nufi kowa da kowa, kamar yadda Bahaushe yake cewa "in ka shiga kasuwa" ba tare da ya nufi wani takamaimai ba.

Asali

Kalmar ta samo asali ne daga eow ta tsohon Turanci, wadda take da tushe ɗaya da euch ta Jamusanci. A wancan zamani jam'i ce kawai, kuma karɓau. Ye ce take zama aikau a jam'i, thou da thee kuma na mutum ɗaya.

Bayan Nomawa daga Faransa sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada. Daga ƙarni na 13 Turawan Ingila suka fara kiran babban mutum da jam'i don girmamawa, aka bar thou ga yara, barori da na jiki. Sannu a hankali kiran mutum da thou ya koma kamar raini, har ta fita daga daidaitaccen Turanci a ƙarni na 17, ko da yake fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 ta riƙe ta. You ta kuma maye gurbin ye.

Rashin jam'i na musamman ya sa wasu karuruwan harshen suka ƙirƙiro nasu: y'all a kudancin Amurka, youse a Ailan da Sikotilan, da una a Turancin buroka na Najeriya, wadda ta fito daga unu ta Ibo.

Kwatanci da Hausa da Faransanci

Girmamawa da jam'i ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin a wurare da dama ana ce wa dattijo ko suruki "kun tashi lafiya?" alhali shi kaɗai ne. Faransanci ma yana da tu ta sabo da vous ta ladabi. A garin kan iyaka kamar Maigatari da ke masarautar Gumel a Jihar Jigawa, inda fatake daga Najeriya da Nijar suke haɗuwa a kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis, tsarin uku suna maƙwabtaka: Hausa a ciniki, Turanci a makarantun Najeriya, Faransanci a na Nijar.

Wahalar tana bayyana ne wajen fassara. Mai juya wasiƙa ko sanarwa daga Turanci zuwa Hausa dole ya san ko namiji ake nufi, ko mace, ko jama'a, kafin ya zaɓi kai, ke ko ku. Idan ya kuskure, gargaɗin da aka yi wa taro zai iya komawa tuhumar mutum ɗaya.