Gadi ba sanda: masu tsaron shafukan intanet a Damagaram

In aka ce sana'a a Damagaram, dukawa da majema ne ke fara zuwa wa mutum a rai, sai maƙera da 'yan koli na Kasuwar Dole. Wadda zan ba da labarinta ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta da sarkin sana'a a fada. Mai yin ta ma ba shi da suna na kansa. Da shi da mai gyaran firinta da mai zuba manhaja a kwamfuta, duk anformatisiyan ake ce musu. Aikinsa shi ne ya riga kowa sanin cewa shafin intanet na maigidansa ya faɗi, ya kuma gano inda cutar take kafin waya ta fara ƙara.

Masu buƙatarsa a garin sun fi yadda ake zato. Akwai Jami'ar André Salifou, akwai babban asibiti, akwai gidajen rediyo masu zuba shirye-shiryensu a intanet saboda 'yan gari da ke Agadas, Libiya ko Kano. Ofisoshin aika kuɗi irin su NITA, Amana da Al Izza, da wuraren yankar tikitin manyan motoci, duk ciniki ne da ke tsayawa cik in layi ya yanke. Manyan kamfanoni suna da ɗakunan sa ido a Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Ƙananan ma'aikatu kuwa, mutum ɗaya ne ke ɗauke da kayan, sau da yawa matashi mai tsohuwar kwamfuta da salula biyu.

Ba shi ne ke zaune yana buɗe shafi yana rufewa ba. Wata 'yar manhaja yake ɗora wa wannan wahala. Kowane minti ɗaya ko biyar sai ta aika wa shafin tambaya ta jira amsa, kamar mai gadin kasuwa da ke zagawa cikin dare yana jijjiga kwaɗon kowane shago. Amsar lamba ce. In saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ta mayar da 200, lafiya lau. In ta ce 404, abin da aka nema ba ya nan. Lamba 500 na nufin cikinta ya ɗuri ruwa, 503 kuma ta ce kaya sun yi mata yawa ko ana gyara. Wani lokaci ko uffan ba ta cewa har wa'adin jira ya ƙare, kuma wannan shirun ya fi duk lambobin tayar da hankali, don bai gaya maka komai ba.

Sabon shiga yakan tsaya nan, ya ga ɗigo kore a allo ya kama barci. Wanda ya daɗe ya san saba takan ce 200 alhali farar takarda ta miƙo, ko kuma shafin ya buɗe amma rumbun bayanan da ke bayansa ya mutu tun la'asar. Shi ya sa gwani ke umartar manhajar ta karanta abin da aka miƙo mata, ta nemi wata kalma da ba za ta fito ba sai in rumbun yana numfashi. Na ga wani a wata makaranta mai zaman kanta ya ƙirƙiri ɗalibin ƙarya, ya ba shi lamba da sakamako. Manhajar na shiga da sunan wannan ɗalibi dare da rana tana neman makinsa na lissafi. Ranar da ba ta ga makin ba, ya san iyaye ma ba za su ga na 'ya'yansu ba. Yana kuma ƙirga kwanakin takardar shaidar tsaro ta shafin, wadda kan sa ɗan kwaɗon nan ya bayyana a saman allon wasu na'urori. Ta Let's Encrypt, da ake bayarwa kyauta, an san ta da wa'adin kwana 90. In aka sha'afa ta ƙare, salular kowa sai ta fara gargaɗin cewa shafin ba abin yarda ba ne, alhali ba abin da ya lalace.

Kayan aikin duk baƙi ne, kuma akasarinsu kyauta. Ping, wanda ke tambayar na'ura ko tana raye, wani Ba'amurke ne mai suna Mike Muuss ya rubuta shi a 1983. Nagios ya fito a 1999 da sunan NetSaint, Zabbix ya biyo baya a 2001 daga Latbiya, Uptime Kuma kuma na 2021 ne, matasa sun fi son sa don ba shi da wuyar kafawa. Akwai kuma irin su UptimeRobot da ke duba maka shafi daga nasu na'urorin, ko sisi ba ka biya ba in ka yarda da dubawar minti biyar-biyar.

To, a nan gizo ke saƙa. Na'urorin da ke yin wannan duba na kyauta suna Turai da Amurka. Shafukan Nijar da yawa su ma a can aka kama musu haya, musamman Faransa. Ke nan na'ura a Turai ce ke tambayar wata na'ura a Turai, su gaisa, su aiko wa mutumin Damagaram rahoton cewa komai daidai. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai ba su san halin da hanya take ciki tsakanin Faris da unguwar Zango ba, kuma kan wannan hanyar mai amfani da shafin yake.

An ga haka ƙuru-ƙuru a watan Fabrairun 2021. Bayan an sanar da sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, aka katse intanet na salula a ƙasar tun daga ranar 24 ga wata, har kusan kwana goma. Duk shafin da ke zaune a ƙetare, rahotonsa kore ne shar a kwanakin nan, amma mai salula a Birni ko Sabon Gari bai isa ya buɗe shi ba. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, ACE, MainOne da SAT-3, suka lalace daura da gaɓar Abijan. Nijar ba ta da teku, amma ta ƙasashen gaɓa intanet ɗinta ke shigowa, don haka ita ma ta ji a jikinta.

Saboda haka wanda ya iya sana'ar a nan ido biyu yake kafawa. Ɗaya a waje, ɗaya a cikin gari: tsohuwar kwamfutar cinya ko 'yar Raspberry Pi a lungun ofis, a kan batir, tana tambayar shafin ta layin Airtel, ta sake tambaya ta Moov, Zamani ko Niger Telecoms. Daga bambancin amsoshin yake karanta cutar. In na waje da na gida duka sun ce shiru, shafin ne ya faɗi. In na waje ya ce lafiya, layi ɗaya na gida ya ce a'a, matsalar kamfanin layin ce, sai a juya ofis kan ɗayan. In duk layukan gida sun yi shiru a tare, to abin ya fi ƙarfinsa, sai ya rubuta lokaci ya jira. A ganina wannan karatun shi ne sana'ar. Kafa manhajar kam, yaro mai kaifin kai zai koya cikin yini guda.

Sai wuta. Damagaram da Maraɗi sun daɗe suna shan lantarkin Najeriya ta layin da ke tasowa daga Katsina zuwa Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar a farkon Agusta a matsayin takunkumi, ba a janye takunkumin ba sai cikin 2024. Wanda ke da saba a cikin ofis, ba a ƙetare ba, ya koyi cewa sa ido kan shafi kaɗai bai wadatar ba. Dole ya san nawa ya rage a batir, ko gurup, wato janareta, ya tashi, da kuma zafin ɗakin. A watan Afrilu da Mayu zafin gari kan haura digiri 40, kuma in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, saba takan kashe kanta don kada ta ƙone. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke toshe mata fanka. Shi ya sa za ka ga buroshin fenti da 'yar na'urar hura iska a jakarsa, kusa da wayoyin haɗi.

Akwai kuma batun jinkiri. Shafin da ke buɗewa bayan sakan 20 bai mutu ba, amma mai jiran a tura masa jika goma a kanta ba zai ga bambanci ba. Sai dai ma'aunin ya danganta da hanya. Ofishin da ke kan tsohon tauraron ɗan Adam mai nisan kusan kilomita 36,000, saƙonsa ba ya zuwa ya dawo a ƙasa da rabin sakan ko da komai ƙalau ne. Na Starlink, da ya fara aiki a Nijar a 2025, taurarinsa na shawagi a wajen kilomita 550, amsarsa ta fi sauri nesa ba kusa ba. Wanda ya kwafo ma'auni daga littafin Turawa ya liƙa bai duba hanyarsa ba, ƙararrawarsa ba za ta huta ba.

Ita ƙararrawar ma sai da dabara. In kowane ɗan tuntuɓe na layi zai tashi mutum ƙarfe uku na dare, cikin mako biyu zai kashe sautin, ranar da abin gaske ya faru kuma yana minshari. Gwanaye sukan ce sai an tambaya sau uku a jere ba amsa kafin a tashe su. Sukan kuma sa gargaɗin ya zo ta gajeren saƙon salula ko kira, don saƙon da ke bin intanet tare da intanet ɗin yake mutuwa. Ranar 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya, duk wanda ya jingina gargaɗinsa da WhatsApp kurma ya zama. Ita kanta 'yar na'urar lungun ofis ana gadin ta: takan aika wa wata ta waje alamar tana raye a kai a kai, in alamar ta tsaya, ta wajen ta yi kururuwa.

Mafi wuya dai shi ne maigida. Na taɓa zama a wani ofis da ba zan faɗi sunansa ba, waya ta shigo.

"Kai yaro, shafin namu ya mutu!"

"Ranka ya daɗe, yana nan da ransa. Rezo ne ya yanke a gefenku. Alhaji, a gwada ɗaya layin."

Aka ɗan yi shiru. "To, ya buɗe. Amma me ya sa ba ka gyara rezon ba?"

Yaron ya ce Allah ya huci zuciyar Alhaji, ya ajiye waya, ya jawo wani littafi mai bangon kwali ya rubuta ƙarfe nawa, wane layi, minti nawa. Littafin nan shi ne hujjarsa a ƙarshen wata. Mai aikin da ya yi kyau ba a ganin aikinsa, sai a fara tambayar me ake biyan sa a kai. Wasu kan yi wa maigida alkawarin shafi zai tsaya kashi 99.9 cikin ɗari don su samu kwangila, ba su lissafa cewa hakan na nufin faɗuwar da ba ta kai awa 9 ba a shekara guda. Kashi 99 ma kwana uku da rabi ne da 'yan awoyi. Ga saba da ke zaune a Damagaram kan wutar gari, wanda ya yi alkawarin farko ko dai bai yi lissafi ba, ko yana fatan maigida ba zai yi ba.

Koyon sana'ar bai da ƙofa ɗaya. Wasu sun yi karatun kwamfuta a Yamai ko Kano, wasu a shagon intanet suka tashi suna jan waya a bayan wani, sauran kuma da dare suka koya a YouTube da Faransanci. Aiki kuma ƙaruwa yake. Shirin shimfiɗa wayar gilashi mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya zuba wa kuɗi, yana da reshe daga Damagaram zuwa Magarya har iyakar Najeriya. Kowace sabuwar hanya na rage haɗarin yankewa gaba ɗaya, amma tana ƙara wa mai gadi wurin dubawa, don yanzu sai ya san ta wace ƙofa saƙon ofishinsa ke fita yau, ta Yamai ko ta Magarya, kafin ya san wanda zai kira.