Ko za a iya farfaɗo da jirgin gawayi a arewacin Nijeriya?

A ƙasashe da dama na duniya, tsofaffin layukan dogo da aka daina amfani da su sun sake rayuwa, inda jiragen ƙasa masu aiki da gawayi da tururi ke ɗaukar 'yan yawon buɗe ido.

Arewacin Nijeriya ma na da irin waɗannan layuka, kuma ɗaya daga cikinsu bai da nisa sosai da dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari.

Wannan shi ne layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda, mai tsawon sama da kilomita 200.

Turawan mulkin mallaka suka kammala shi a 1929 domin kwasar gyaɗa da auduga zuwa gaɓar teku. To amma bayan durƙushewar wannan kasuwanci da kuma taɓarɓarewar harkar jiragen ƙasa, an shafe shekaru fasinjoji ba su ga jirgi a kai a kai ba.

Yadda wasu suka yi

A Birtaniya aka fara wannan dabara. A 1951 wasu 'yan sa-kai suka karɓi ɗan ƙaramin layin Talyllyn da ke yankin Wales, wanda ke dab da mutuwa, suka ci gaba da gudanar da shi da kuɗinsu da guminsu.

A Afirka kuwa, Eritiriya ta sake shimfiɗa layin da ya haɗa Massawa da Asmara bayan yaƙin neman 'yancin kai. Tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya aka kirawo suka tada kawunan jiragen da Italiyawa suka bari, aka kuma kammala aikin a 2003.

Nijeriya ta taɓa yin asarar irin wannan dama. Ƙaramin layin da ake kira Bauchi Light Railway, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, ya haɗa Zariya da Jos da Bukuru a 1914 domin jigilar kuza.

An rufe shi a 1957, kuma abin da ya saura sai 'yan kayayyakin da aka adana, musamman a gidan tarihi na Jos.

Lokacin da Saliyo ta rufe nata layin mai irin wannan faɗi, wani layin tarihi na Welshpool da Llanfair a Wales ne ya sayi kan jirgi guda da wasu taragai a 1975, ya ci gaba da ɗaukar fasinjoji da su.

Abin da ake buƙata

Tada jirgin gawayi ba ƙaramin aiki ba ne. Sai an duba gadoji da kwalbatoci, an mayar da ƙarafan da aka sace, an kuma tanadi ruwa a tashoshi, domin irin wannan jirgi ya fi shan ruwa a kan cin gawayi.

Ga kuma batun makamashi. Kwal ɗin Inugu, wanda aka gano a 1909, shi ya riƙa ciyar da jiragen Nijeriya, amma mahaƙan da suka yi wannan aiki sun daɗe da durƙushewa.

Haka nan tun a 1955 aka fara shigo da jiragen dizal, don haka makanikan da suka san sirrin tukunyar tururi sun manyanta, da yawa kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Batun tsaro

Babban cikas dai shi ne tsaro. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, shi ne ya kamata ya janyo baƙi daga tashar Funtuwa.

Sai dai dajin ya shafe shekaru yana zaman maɓoyar 'yan bindiga, kuma harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga watan Maris na 2022 ya nuna cewa layin dogo ma bai tsira ba.

Sulhun da gwamnatin jihar Kaduna ta ƙulla da 'yan bindigar Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar shanu ta garin. Amma ɗan yawon buɗe ido ya fi ɗan kasuwa tsoro.

Ga manomin da ke neman kai masararsa kasuwa cikin sauƙi kuwa, jirgin kaya ne a gabansa. Sai layin ya tashi domin jama'ar da ke zaune a gefensa, sannan jirgin tarihi zai samu hanyar bi.