Kasuwar duwatsu ta Tucson: Inda ake cinikin yakutu da ƙasusuwan dainoso a ɗakin otal

Daga ƙarshen watan Janairu zuwa tsakiyar Fabrairun kowace shekara, birnin Tucson da ke jihar Arizona ta Amurka kan rikiɗe ya koma kasuwa. Otal-otal na kwashe gadaje daga ɗakuna domin 'yan kasuwa su jera kaya, ana kafa manyan tantuna a wuraren ajiye motoci, ko'ina ka duba duwatsu ne: na ado, na tarawa, da kuma ƙasusuwan halittun da suka mutu miliyoyin shekaru da suka wuce har suka zama dutse.

A shekarar 1955 aka fara, lokacin da wata ƙungiyar masu sha'awar duwatsu ta birnin ta shirya ɗan ƙaramin baje koli a wata makarantar firamare. Yanzu ana gudanar da baje koli sama da 40 a lokaci guda a sassan birnin. Wasu kowa na iya shiga, wasu kuma na 'yan sari ne kawai, sai mutum ya nuna takardar shaidar kasuwancinsa a ƙofa.

Akwai irin wannan taro a garin Sainte-Marie-aux-Mines na Faransa a watan Yuni, da Denver ta Amurka a Satumba, da Munich ta Jamus a Oktoba. Amma Tucson ce uwa ma ba da mama, kuma farashin da aka tsayar a can ne dillalai ke dubawa a sauran shekarar.

Dutse ɗaya, farashi goma

Da awon karat ake sayar da duwatsun ado, karat 5 ne ke yin giram 1. Sai dai nauyi kaɗai ba ya yanke farashi. Launi, da tsabtar cikin dutsen, da kyan yanka, da ƙasar da aka haƙo shi, duk suna da ta cewa.

Misali shi ne tomalin ɗin Paraiba, wani dutse mai launin shuɗi-kore mai ƙyalli saboda sinadarin jan ƙarfe da ke cikinsa. A jihar Paraiba ta Brazil aka gano shi a shekarun 1980. Da aka kai shi Tucson a 1990, cikin 'yan kwanaki farashinsa ya tashi daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai a kan kowane karat.

A farkon shekarun 2000 aka samu irinsa a kudu maso yammacin Najeriya, daga baya kuma a Mozambik. Aka daɗe ana muhawara kan ko ya halatta a kira na Afirka da sunan Paraiba. Manyan ɗakunan gwaji sun amince da sunan, amma har gobe na Brazil ya fi tsada.

Ba tomalin kaɗai Najeriya ke fitarwa ba. Akwai shuɗin yakutu na tsaunin Mambila a Taraba, da zumurrudu da akwamarin daga yankunan Nasarawa da kudancin Kaduna. Akasari ɗanye suke barin ƙasar, a yanka su a goge a Bangkok ta Thailand ko Jaipur ta Indiya, kafin su isa teburin baje koli. A tsakanin ramin haƙa da wannan teburi ne mafi yawan ribar ke tsayawa.

Abin da aka yi wa dutsen

Babban abin da sabon shiga ba ya sani shi ne, duwatsu da yawa sai an taɓa su kafin su yi kyan da ake gani. Ana gasa yakutu a wuta domin launinsa ya fito. Ana shafa wa zumurrudu mai domin ya ɓoye tsaga. Shuɗin tofaz da ke cike da kasuwa, kusan duka fari ne aka sauya masa launi a na'ura. Akwai jan yakutu mai araha da aka cike tsagoginsa da gilas, akwai kuma farin dutse da ake rinawa a sayar da sunan mai tsada.

Gasawa da shafa mai ba laifi ba ne a wannan sana'a, matuƙar an faɗa wa mai saye. Ɓoyewar ce ha'inci. Shi ya sa gogaggun masu saye ba sa rabuwa da ƙaramin gilashin da ke ƙara girman abu sau 10, da tocila, kuma sukan fita da dutse hasken rana su duba, domin fitilun rumfa na ƙara masa armashi. Idan kuɗin ya yi nauyi, sai an nuna musu takardar gwaji daga cibiya irin GIA. Ba a cinikin biri a sama.

Tsuntsun da bai taɓa rayuwa ba

A ɓangaren ƙasusuwan tarihi lamarin ya fi haɗari. A watan Fabrairun 1999, wani mai gidan adana kayan tarihi a jihar Utah, Stephen Czerkas, ya sayi wani falalen dutse daga China a Tucson kan dala 80,000. A jikinsa akwai ƙasusuwan wata halitta mai fukafukan tsuntsu da wutsiyar dainoso. Mujallar National Geographic ta wallafa labarinsa a Nuwamban shekarar da sunan Archaeoraptor. Ba a jima ba masana suka gano cewa ƙasusuwan halittu daban-daban ne aka manna da gam.

Idan masana sun ruɗu, ina ga mai sayen tsaraba? Maroko na cikin ƙasashen da suka fi kawo irin waɗannan kaya, musamman tirilobait, wani ƙwaron teku da ya ƙare tun kafin zamanin dainoso, da haƙoran manyan dabbobin ruwa daga mahaƙar fosfat. Akwai na gaske masu kyau, akwai kuma waɗanda aka zuba da roba a manna a kan dutse. Ƙananan ramukan kumfar iska a jikin ƙwaron na daga cikin alamun jabu. Haka ma muƙamuƙin da haƙoransa suka jeru tsaf: sau da yawa haƙoran na gaske ne, muƙamuƙin kuwa haɗi ne.

Na gaske ne, amma na wa ne?

Ko kaya na gaske ne, da sauran rina a kaba. A Amurka, wanda ya haƙo ƙashi a filinsa yana da ikon sayarwa, shi ya sa aka yi gwanjon ƙwarangwal ɗin wani dainoso mai suna Apex kan dala miliyan 44.6 a Yulin 2024. Amma ƙasashe irin su Mongoliya da China da Brazil da Ajantina sun haramta ko sun tsaurara fitar da irin waɗannan kaya.

A 2006 jami'an Amurka sun ƙwace kimanin tan 4 na kayan Ajantina a Tucson, ciki har da ƙwayayen dainoso, aka mayar da su gida a 2008. A 2012 an yi gwanjon ƙwarangwal ɗin wani dainoso na Mongoliya a New York kan sama da dala miliyan 1. Kotu ta shiga maganar, aka mayar da shi Mongoliya a 2013, dillalin da ya shigo da shi, Eric Prokopi, ya tafi gidan yari.

Masana na cewa asarar ta wuce ta kuɗi. Ƙashin da aka tono ba tare da rubuta wurin da aka same shi da irin ƙasar da ke kewaye da shi ba, ya rasa mafi yawan amfaninsa ga ilimi. Wannan ya shafi Jamhuriyar Nijar kai tsaye, domin yankin Gadoufaoua da ke hamadar Tenere na cikin wuraren da suka fi arzikin ƙasusuwan dainoso a Afirka, kuma daga can aka tono Nigersaurus, mai ɗauke da sunan ƙasar.

Saboda haka tsofaffin hannu a kasuwar ke ba ɗan katin da ke gefen dutse muhimmanci kamar dutsen kansa: sunansa, inda aka haƙo shi, da gyaran da aka yi masa. Sukan zagaya rumfuna kwana ɗaya ko biyu kafin su fitar da ko dala ɗaya, su nemi a rubuta duk bayanin a rasit, sannan su jira ranakun ƙarshe, lokacin da dillalai suka gwammace su karya farashi da su biya kuɗin dakon duwatsu zuwa gida.