Zama a ƙaramar tirelar kwana: yadda ake lissafin wuta, nauyi da iska

Idan aka ce tirela a ƙasar Hausa, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne doguwar motar da ke dakon siminti ko shanu. Wadda ake magana a kanta a nan ba ita ba ce. Wani ɗan ɗaki ne a kan tayoyi biyu, ba shi da inji, ana maƙala shi a bayan ƙaramar mota a ja shi zuwa daji, bakin tafki ko gindin dutse, a kwana a ciki. A Amurka, Kanada, Ostiraliya da ƙasashen Turai abu ne da aka saba gani a kan hanya, kuma duk mai yawan kallon YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da bidiyon masu irin wannan rayuwa.

Mafi ƙanƙanta a cikinsu ita ce wadda Turawa ke kira ɗigon hawaye, saboda gabanta mai faɗi ne, bayanta kuma ya tsuke. Ta yi tashe a Amurka tun shekarun 1930, lokacin da mujallun ƙere-ƙere ke buga zanen yadda mutum zai haɗa tasa a gida da katako. Faɗinta yakan kasance ƙafa 4 zuwa 5, tsawonta ƙafa 8 zuwa 10. Cikinta katifar mutum biyu ce kawai da 'yan lokoki, ba a iya miƙewa tsaye, kicin kuwa yana baya, sai an fito waje an ɗaga murfi kamar but ɗin mota.

A bidiyo ana nuna faɗuwar rana da kofin shayi. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne ƙarfe biyun dare, fanka ta tsaya, firji ya mutu, waya tana kashi 4 cikin ɗari, kuma gari mafi kusa yana da nisan kilomita hamsin. Wanda ya daɗe a irin wannan ɗaki ya san komai a cikinsa da awo yake, kuma awon da ya fi ba sababbin shiga wahala shi ne na wuta.

Batir nawa, na kwana nawa?

Matsalar tana farawa ne daga yadda kamfanoni ke rubuta ƙarfin batir. A jikin waya ana rubuta mAh, a jikin babban batir Ah, a jikin fanka kuma wat. Ba za a iya gwama waɗannan kai tsaye ba sai an mayar da su ma'auni ɗaya, wato wat-awa, wanda ake taƙaitawa da Wh. Lissafin ba wuya: a ninka Ah da bolt. Wayar da ke da batir 5000mAh, wato 5Ah, tana aiki a kan bolt kusan 3.85, ke nan tana ɗaukar Wh 19. Fawabank mai 20000mAh a kan bolt 3.7 yana da Wh 74. Batirin tirela mai 100Ah a kan bolt 12 kuwa yana da Wh 1200, kwatankwacin cajin waya sau sittin. Na'urar da aka rubuta ƙarfinta da wat, sai a ninka da awowin da za ta yi tana aiki.

Ga misalin kwana ɗaya na mutum biyu. Wayoyi biyu, har da abin da ke salwanta wajen caji, Wh 45. Laftof, cika ɗaya, kusan 60. Kwan LED biyu masu wat 3 na awa huɗu, 24. Fankar rufi mai wat 15 na awa takwas, 120. Sai ƙaramin firji mai kwamfuresa da ke aiki da bolt 12: yana jan wat 40 zuwa 50 idan ya tashi, amma yana hutawa tsakani, don haka a ƙiyasta masa 400 a yini, fiye da haka idan ana zafi. Jimilla kusan Wh 650, kuma firji shi kaɗai ya cinye fiye da rabi. Waya, wadda kowa ya fi damuwa da ita, ita ce mafi ƙarancin ci bayan fitila.

A nan irin batirin ke shigowa. Batirin dalma, ɗan'uwan wanda ke cikin mota, ba a so a zuƙe shi fiye da rabi, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ke nan daga Wh 1200 da aka rubuta, 600 ne na mai shi, bai ma kai kwana ɗaya ba a lissafin da ke sama. Batirin litiyom samfurin LiFePO4 ana iya cin kusan duk abin da ke cikinsa, yana jure caji sau dubbai maimakon ɗaruruwa, kuma nauyinsa kilo 11 zuwa 14 ne, alhali na dalma yakan kai 25 zuwa 30. Ya fi tsada a ranar saye, amma a ɗakin da ake ƙirga kowane kilo, babu wata doguwar muhawara. Aibinsa ɗaya da masu zama a ƙasashen sanyi ke kiyayewa: ba a yi masa caji idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri sifiri, sai in yana da abin ɗumama kansa.

Wani abin da ke yaudarar mutane game da litiyom shi ne bolt ɗinsa ba ya sauka a hankali kamar na dalma. Yana nuna kusan lamba ɗaya tun daga kashi 80 har ƙasa da 30, sannan ya faɗi farat ɗaya. Shi ya sa 'yar mitar da ke nuna bolt kawai ba ta da amfani sosai. Abin da ya fi shi ne na'urar da ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, irin SmartShunt na kamfanin Victron, ko batir mai Bluetooth a cikinsa wanda ke aiko da kason caji zuwa manhaja a waya.

Rana tana biya, amma ba yadda aka rubuta ba

Farantin sola mai wat 100 ba ya ba da wat 100 daga safe zuwa yamma. Wannan lamba ta ɗakin gwaji ce, a digiri 25 da cikakken haske. A zahiri ana samun Wh 300 zuwa 500 a yini mai kyau. Zafi ma yana rage masa ƙarfi, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri sama da 25, kuma farantin da ke shimfiɗe a rana yakan wuce digiri 60. Mai buƙatar Wh 650 ke nan wat 200 zai nema, ba 100 ba, tare da kwantirola samfurin MPPT, wadda ta fi ta PWM iya tatso abin da farantin ke bayarwa.

Akwai kuma wata rigima da ba ta da cikakkiyar mafita. Mutum yana son ajiye tirela a inuwa don ɗaki ya yi sanyi, firji ya huta, amma farantin da aka ɗaure a rufi rana yake so. Inuwar reshe ɗaya tak a kan wani sashe nasa tana iya karya abin da yake bayarwa sosai, fiye da girman inuwar. Dabarar da aka fi yi ita ce faranti mai naɗewa da doguwar waya: tirela a gindin bishiya, farantin a fili, ana juya shi sau biyu ko uku yana bin rana. Sai dai ba a barinsa a tafi yawo, don mai ɗauka ba ya wahala da shi.

Wannan lissafi bai tsaya ga tirela ba. Ɗalibi ko mai shagon caji da ke son haɗa ƙaramar sola a Kano ko Damagaram, shi ne dai zai yi, har ma ya fi ɗan Turai samun rana. Abin da zai ƙara kawai shi ne goge ƙurar hunturu daga farantin a kai a kai.

Hanya ta biyu ta cika batir ita ce motar da ke jan tirelar. Soket ɗin da ke haɗa fitilun tirela da mota yana iya tura 'yar wuta, amma kaɗan ce. Mai son tafiyar awa uku ta zama caji na gaske sai ya sa cajar da ke karɓa daga altanetar mota ta daidaita wa batirin, wadda ake sayarwa da sunan DC-DC.

Inbata ba dole ba ce

Yawancin sababbi suna fara sayen inbata, su jona cajar waya ta gida a jikinta. Abin da ke faruwa shi ne a ɗaga bolt 12 zuwa 120 ko 230, sannan cajar ta sake sauko da shi zuwa 5 ko 9. Inbata tana cin kashi 10 zuwa 15 a hanya, kuma ko ba a jona komai ba, muddin tana kunne tana sha. Soket ɗin USB-C mai PD da ke aiki kai tsaye daga bolt 12 ya wadatar wa waya da yawancin laftof na zamani.

Duk abin da aikinsa zafi ne ko sanyaya ɗaki, batir ɗaya ba ya ɗaukarsa. Butar lantarki mai wat 1500 tana jan amfiya sama da 125 daga batirin bolt 12, wutar da sai waya mai kaurin yatsa za ta iya ɗauka. Ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki mai wat 500 za ta ƙarar da 100Ah cikin awa biyu da 'yan mintuna. Don haka shayi da girki na gas ne. Kuma tunda ƙaramin bolt yana nufin amfiya mai yawa, siririyar waya tana zafi har ta narke. Kowane layi yana buƙatar fis nasa, babban fis ɗin kuma a sa shi dab da kan batir, domin ɗakin katako ne kuma mutum yana barci taku ɗaya daga wurin.

Intanet ma ci take. Inda akwai sabis, hotsifot na waya ya isa. Inda babu, wasu suna ɗaukar Starlink Mini, wadda ta fito a 2024, tana jan wat 25 zuwa 40. Awa biyar ke nan kusan Wh 150 a kan lissafin da aka yi, don haka masu ita suna kunnawa su yi aiki su kashe. Kafin a bar gari kuma a sauke taswirar yankin a Google Maps ko Organic Maps. A yammacin Amurka, filayen gwamnatin tarayya da hukumar BLM ke kula da su ana iya yada zango a yawancinsu kyauta har kwana 14, amma babu soket, babu famfo, sau da yawa babu sabis. Manhajoji irin su iOverlander da Campendium suna nuna wuraren da wasu suka kwana da abin da suka tarar.

Nauyi da inda aka ɗora shi

Kowace tirela tana da iyakar nauyin da aka rubuta a jikinta, kuma abin da ya rage na kaya bayan an cire nauyinta ba shi da yawa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka biyu masu lita 25 sun zama kilo 50 tun ba a sa tukunyar gas, batir da abinci ba. Inda aka ɗora kayan ma ya fi yawansu muhimmanci. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce kashi 10 zuwa 15 na nauyin tirela ya sauka a kan maƙalin mota, kuma kusan kashi 60 na kayan ya kasance gaban aksul, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi. Idan baya ya fi nauyi, da an ɗauki gudu tirela za ta fara lilo hagu da dama har ta ja motar. In hakan ta faru, ba a taka birki da ƙarfi kuma ba a kokawa da sitiyari, ɗaga ƙafa ake daga totur a bar gudun ya sauka. Ɗigon hawaye tana da wannan tarko sosai, tunda kicin ɗinta a baya yake, kuma can ne hannu ke kai kaya masu nauyi.

Idan an isa, a sa wa tayoyi waigi kafin a kwance ta daga mota, sannan a daidaita ta. Waya tana wannan aiki: manhajar Measure ta iPhone tana da ma'aunin daidaito, Android ma akwai irinta da yawa kyauta.

Iskar da ake shaƙa

Mutum biyu da ke barci suna fitar da tururin ruwa da ya kai rabin lita ko fiye kafin gari ya waye. A ɗakin da bai fi girman gado ba, wannan ruwa yana taruwa a bango, taga da ƙarƙashin katifa, bayan 'yan makonni sai funfuna. Maganin shi ne a bar taga a ɗan buɗe, fankar rufi tana fitar da iska a mafi ƙarancin gudu ko da ana sanyi, katifa kuma a riƙa ɗaga ta tana shan iska.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, ita ce dai ke kashe iyalan da suka kwana da janareto a cikin gida. Ba a girki a cikin tirela, ba a shigar da gawayi don ɗumi, janareto kuma a kai shi nesa, bututun hayaƙinsa yana kallon wani gefen, a kuma lura da na maƙwabci a wurin zango. Na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska ba ta fi tafin hannu ba, tana aiki da ƙananan batura, kuma ita ma tana tsufa: akwai kwanan wata a bayanta, yawanci shekara biyar zuwa goma, wanda in ya wuce sai a sauya ta ko da fitilarta tana nan tana ƙyaftawa.