Kafin ka cike takardar shiga makarantar likitanci

Tun da aka gano zinariya a Tchibarakaten a 2014, gidaje da dama a Arlit da Iferwan sun sami abin da a da ba su da shi: halin tura yaro karatu mai nisa. Da zarar ya ci jarrabawar bak, musamman a sashen kimiyya, sai ka ji baba ya ce likita zai zama. Madalla. To, a ina?

A cikin gida ƙofofin gwamnati da aka sani uku ne. Akwai tsangayar kiwon lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, wadda ita ce uwa, sai ta Jami'ar André Salifou a Damagaram, da ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi. Yawancin yara Yamai suke hange saboda suna. Ni kuwa da za a tambaye ni, sai in ce a bar kallon ginin makaranta, a kalli asibitin da ke bayanta, don a bakin gadon marar lafiya ake zama likita.

Yamai na da manyan asibitoci, ga na Lamorde kusa da jami'a, ga gidan haihuwa na Issaka Gazobi, ga ƙwararrun malamai. Amma ga cunkoso. Idan ɗalibai suka yi dafifi a kan gado guda, na baya ƙeyar abokinsa kawai yake gani, malam ya gama bayani bai taɓa cikin majinyacin ba. A Maraɗi ko Damagaram, ɗalibin da ya yi damina ɗaya a ɗakin yara zai ga zazzaɓin cizon sauro da tamowa har ya gane su tun daga bakin ƙofa. Saboda haka ka nemi ɗan aji biyar ko shida ka tambaye shi: ku nawa ne a zagayen safe, kuma haihuwa nawa ka karɓa da hannunka?

Sai maganar aljihu. Karatun nan shekara 7 ne ko fiye, ramin zinariya kuwa yau ya ba ka, gobe ya hana. Wanda ya ga rufe mahaƙar kamfanin Kominak a Akokan ranar 31 ga Maris 2021 ya san ko albashin kamfani yana yankewa. A yi lissafin haya da abinci da kuɗin mota na dukan shekarun, a kuma nemi tallafin hukumar ANAB da wuri. Daga Arlit zuwa Yamai ya haura kilomita 1,000. Damagaram ta fi kusa nesa ba kusa ba, kuma gidan ɗan'uwa a garin karatu ya fi rabin guzuri.

Waje fa? Aljeriya na maƙwabtaka, ana kuma koyar da likitanci mai kyau, sai dai tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, don haka wanda ya dawo daga can sai ya sake zama ɗalibi a wannan fanni. Zariya da Kano da Sakkwato shekara 6 ne, amma da Ingilishi. Hausar kasuwa ba za ta ci maka jarrabawa ba.

Inda aka fi tafka asara shi ne makarantun kuɗi masu kyan talla. Kafin a biya ko dala, a je ma'aikatar ilimi mai zurfi a tabbatar gwamnati ta san da makarantar, a kuma bincika ko hukumar CAMES ta amince da takardarta. Wasu ma aikin jinya ko ungozoma suke koyarwa, sana'a mai daraja, amma ba ita ce likitanci ba.

Kai kuma ɗalibi, ka duba ko za a koya maka cutar huhu ta ƙurar dutse, da gubar zaiba, da ɗorin wanda rami ya rufta wa. Su ne marasa lafiyar da za ka tarar in ka dawo gida.